Gidan namun daji: lokacin sake tsari ya yi

Dattawan Agye, Gazawa da Gidan Rumji sun tashi suna jin kukan kura bayan gari, suna gamuwa da barewa a hanyar gona. Yau gonaki sun cinye daji. Yaron lakkwal na waɗannan garuruwa, in yana so ya ga zaki ko dorina, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, ko ya ƙetare iyaka zuwa gidan namun daji na Kano, wanda anka gina zamanin Gwamna Audu Bako.

A Yamai, dabbobin suna cikin gidan kayan tarihi na ƙasa, wanda anka buɗe a 1959, anka raɗa masa sunan Bubu Hama a 2008. An gina masu mazauni bisa al'adar da: ɗakin siminti da sandunan ƙarfe, mai kallo na tsaye dab da dabba.

Alhali kuwa tun 1907 wani Bajamushe, Karl Hagenbek, ya nuna a birnin Hambur cewa rami mai zurfi ya isa ya raba zaki da jama'a. A Faransa, gidan namun daji na birnin Pari da anka buɗe a 1934 an rufe shi a 2008 domin gyara. Da anka sake buɗe shi a 2014, an kasa shi yanki biyar. Mafi girma an kira shi Sahel-Sudan, inda anka saki raƙuman daji da jiminu fili guda.

Zakin da ke kai da komo cikin taku goma ba ya koya wa yaro komi sai tsokana da jifa. Gidan Yamai hekta 24 ne, kuma masu sana'ar hannu da ɗakunan tarihi na da rabonsu ciki. Saboda haka ya kamata mahukunta su rage yawan dabbobi, su faɗaɗa wa sauran fili, da inuwa da ruwa.

Jihar Maraɗi kuwa tana da abin hannunta. Gandun Gadabeji, da anka keɓe tun 1955, ya karɓi raƙuman daji 8 daga Kure a 2018. Wajibi ne shugabannin lakkwal da na yaƙi da jahilci su nemi hanyar kai ɗalibansu can, domin gani ya kori ji. Yaron da ya ga raƙumin daji yana cin ganyen ƙaya a sake, shi ne gobe zai hana a sare itacen.