GYARA KAYANKI: Risho mai hayaƙi a sanyin hunturu

   

A watan jiya na je Rimin Gado barkar haihuwar 'yar yayata, na yi kwana uku a can. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Gwarzo a irin wannan lokaci ta san yadda wurin yake in an wuce sabuwar Jami'ar Bayero: an gama kaka, an sare kara, gonaki sun zama fili fetal, babu abin da ke tare iska. Sanyin asuba kuwa har cikin ƙashi.

Da asubar farko na tura ƙofar ɗakin mai jego, sai wani ɗumi mai nauyi da warin kananzir suka tare ni. An toshe taga da tsumma, an saki labule. Ga risho a lungu da buta a kai, wutarsa ja tana lasar gindin butar, ga kuma kaskon garwashi a gefen gado. Na ce, "'Yar nan, haka kuke kwana?" Ta ce, "Inna, sanyi ne, kada jariri ya kamu da mura." Da na ƙara bincike sai ta ce kwana huɗu ke nan tana tashi da ciwon kai da jiri, amma da hantsi ya yi sai ta ji garau. Ita ta ɗauka duk cikin jego ne. Yaronta na fari ma da ƙyar ake tashinsa zuwa makaranta.

Ban ce komai ba sai da na wangale ƙofa, na zare tsumman taga, na fitar da kaskon tsakar gida. Da gari ya waye muka shimfiɗa buhu muka kwance rishon nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da na nuna mata shi na kawo miki yau.

Na san da yawa cikinmu sun koma gas ko gawayi, a karkara kuma itace da kara. Tun da gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016 farashinsa ke hawa. Litar da a da hukuma ta ƙayyade a naira 50, zuwa farkon 2023 ta haura naira 1,000. Shi ya sa risho ya bar girkin rana, ya koma na ɗumama ruwan alwala, da na wankan jariri, da shayin 'yan makaranta. Wato an fi kunna shi da duku-duku, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Nan ne kuwa rishon da ba shi da lafiya ya fi yin ɓarna.

Ki fara da duba launin wuta

Risho ba ya ɓoye ciwonsa. Abu uku ke haɗuwa su ba da wuta: kananzir, iska da zafi. Lagwani ke zuƙo kananzir daga tanki, zafi ya mayar da shi tururi, iska ta shigo ta ƙananan hujojin gwangwanayen nan biyu da ke kewaye da lagwani, su gauraya su ci. In komai ya daidaita, bayan minti biyu zuwa uku da kunnawa za ki ga wuta shuɗiya, a zagaye, tsawonta ɗaya, ba hayaƙi ba wari. In kika ga ja ko rawaya, gindin tukunya na yin baƙi, ido na yaji, to kananzir ya fi iska yawa. Kuɗinki ne ke tashi a hayaƙi, ruwa ya daɗe bai tafasa ba, guba kuma tana taruwa a ɗaki.

Kafin ki taɓa komai, ki kashe risho, ki bari ya huce sarai, ki fitar da shi tsakar gida nesa da murhu.

Lagwani

Mafi yawan matsala daga nan take. Ki cire kan risho da gwangwanayen, ki murɗa lagwanin sama ki duba. In bakinsu ya yi baƙi ya yi tauri kamar gawayi, ba za su zuƙo kananzir da kyau ba. Ki sa almakashi ko reza ki datse wurin da ya ƙone, ki kuma tabbatar tsawonsu ya zo ɗaya. Lagwani ɗaya tak in ya fi 'yan uwansa tsawo, shi zai riƙa fitar da jan harshe ya ɓata miki tukunya. Na rishon 'yar tawa, uku sun zarce saura, biyu kuma sun nutse cikin bututunsu.

In sun gajarce har ba sa kaiwa gindin tanki, ki canza su duka a lokaci guda, kada ki haɗa sabo da tsoho. Ki sayi na auduga wanda ya yi daidai da bututun. Mai kauri da yawa zai cije, ki yi ta murɗawa ba ya hawa ba ya sauka. Siriri kuma zai bar kafa, ko ya sulale cikin tanki. Kada ki taɓa kunna risho alhali akwai bututun da babu lagwani a ciki, domin ƙofa ce kika buɗe wa wuta zuwa tanki. Wajen zurawa, ki lanƙwasa siririyar waya ki maƙalo bakin lagwanin ki jawo shi. Bayan kin gama ki zuba kananzir ki ba shi kamar rabin awa ya jiƙa. Busasshen lagwani in an kunna shi, kansa yake ci.

In abin murɗawa ne ya cije, galibi tsatsa ce ko miyar da ta zuba ta bushe. Ki goge wurin, ki ɗiga ɗan man keken ɗinki, ki riƙa juyawa a hankali. Kada ki sa ƙarfi, haƙoransa ba su da ƙwari.

Gwangwanaye masu huji

Waɗannan su ne hancin risho. Kunun da ya tafaso ya zuba, baƙin hayaƙi, da ƙurar hunturu duk suna toshe hujojin. Ki sa tsohon buroshin haƙori ki goge su ciki da waje, wanda ya ƙi buɗewa ki tsokale shi da tsinken tsintsiya. Ki ɗaga su sama, in kina hango haske ta kowane huji, sun yi. In kin wanke da ruwa, ki shanya su bushe ƙarau kafin ki mayar.

Wajen mayarwa ki kula su zauna daram a gurbinsu. In suka karkace ko kaɗan, za ki ga wuta ta yi tsawo a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma kamar za ta mutu. Haka ma in risho na kan ƙasa mai tudu da kwari. Gwangwanin da ya lotse ko tsatsa ta cinye shi ba ya gyaruwa, sai dai a nemi wani wurin masu gyaran risho ranar kasuwa.

Kananzir

In wuta na tartsatsi, tana mutuwa da kanta alhali tanki a cike yake, ki zargi ruwa. Ruwa ya fi kananzir nauyi, don haka can ƙasa yake kwanciya, daidai inda jelar lagwani take. Ki juye kananzir ɗin cikin kwalba mai haske ki ajiye, za ki ga ruwan ya ware a ƙasa. Ki tsiyaye na sama, ki goge tankin ki shanya a rana, ki canza lagwani. Sau da yawa mu ke jawo wannan da hannunmu, saboda al'adar yayyafa wa risho ruwa in za a kashe. Ki murɗa lagwani ƙasa gaba ɗaya, ki hure abin da ya rage, ki tsaya sai kin ga ya mutu.

Ruwan nan ne kuma ke haifar da tsatsa har tanki ya huje. In kika ga ƙasan risho na jiƙewa, kada ki liƙe da sabulu ko leda ki ci gaba da aiki. Tankin da ke yoyo ya gama aiki, canza shi ake yi.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne gurɓataccen kananzir, wanda ya haɗu da fetur. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. Fetur kuwa ko a tsananin sanyi tururinsa na jiran ashana. Manya cikinmu ba su manta da 2001 ba, lokacin da fitilu da risho suka riƙa fashewa a jihohin Edo da Legas, mata da yara da dama suka ƙone, wasu suka rasu. Don haka in an sayo miki sabon kananzir, ki shinshina. In kin ji warin fetur, kada ya shiga rishonki. Kina iya ɗiga kaɗan a murfin gwangwani, ki ajiye kan yashi a inuwa, nesa da jarka da yara, ki miƙa masa wuta da dogon kara. Mai kyau ba ya saurin kamawa. Wanda ya yi fuu nan take, a mayar wa mai shi. Kada a auno miki kananzir a jarkar da ake sayo man babur ko na janareta, kada kuma ki ƙara mai risho na ci ko yana da zafi. In tsautsayi ya sa wuta ta tashi, ba a watsa ruwa, don kananzir kan hau saman ruwa ya bazu. Yashi ake zubawa, ko a rufe da jiƙaƙƙen bargo.

Ba a kwana da wuta a ɗaki

Yanzu mu koma ga ciwon kan mai jego. Duk wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba, ta risho ce, ta gawayi ce, ko hayaƙin janareta, tana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In an shaƙe ta sai ta kama jini, riƙon da take masa ya ninka na iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200, jiki ya rasa abin da yake buƙata. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Abin lura shi ne, mutanen ɗaki ɗaya kan ji su tare, su kuma samu sauƙi in sun fita waje. Jarirai, masu juna biyu da tsofaffi ta fi saurin kayarwa. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barci sai suma. Garwashin da ya daina hayaƙi ma yana ci gaba da fitar da ita, kada rashin hayaƙi ya ruɗe ki.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A karkarar Ingila gidaje da yawa da kananzir suke ɗumama ɗakuna, ta wata babbar tukunyar dafa ruwa da ke tura ruwan zafi cikin bututai. Amma hayaƙinta waje ake fitar da shi, ana kiran mai gyara ya duba ta shekara-shekara, suna kuma maƙala ƙararrawa mai kuka in gubar ta taru. Mu da ba mu da ƙararrawa, idonmu da tagarmu su ne kariyarmu.

Saboda haka, uwargida, ki ɗumama ruwa a tsakar gida ko a rumfa. In dole sai a ɗaki, ki bar taga da ƙofa a buɗe, ki kashe da zarar ruwa ya yi. Mafi sauƙi ma, ki tafasa tun da dare ki cika filas. Kasko ya fita kafin a kwanta, sanyin dare a yaƙe shi da bargo, hula da safa. In kika tarar da wani ya galabaita a ɗakin da aka kwana da wuta, ki buɗe ko'ina, ki fitar da shi inda iska take, a garzaya asibiti mafi kusa. Kada a tsaya ɗura masa madara ko manja.

Kafin in baro Rimin Gado rishon 'yar tawa ya koma ba da shuɗiyar wuta, da sabon lagwani da tsohon buroshi kawai. Ciwon kan kuma bai dawo ba tun daren da kasko ya kwana a waje. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yau in kin sauke girki, ki ɗauko naki ki duba, ki kuma faɗa wa maƙwabciya.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba hitar lantarki da ake tsomawa a bokiti. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin. Na bar ku lafiya.