Darasin Fentin Jiragen Teku ga Madatsar Bakolori

Duk abin da ya daɗe a cikin ruwa, sai wata halitta ta mai da shi gida. Da fari ƙwayoyin bakteriya kan shimfiɗa yauƙi a jikinsa, sa'an nan gansakuka ta sami wurin kamawa. A ruwan gishiri kuwa, ƙananan halittu masu ƙwanso kan manne wa gindin jirgi da farfelarsa, har tafiya ta yi nauyi, inji ya riƙa shan mai fiye da kima.

A 1761 sojojin ruwan Ingila suka gwada lulluɓe gindin wani jirgin yaƙi da fallayen jan ƙarfe. Daga shekarun 1960 aka shiga yayin fenti mai sinadarin TBT. Ya yi aiki ƙwarai, sai dai gubarsa ba ta tsaya a jikin jirgi ba. A gaɓar Arkashon ta Faransa kawa ta kasa hayayyafa, matan wasu dodannin koɗi na teku kuma suka riƙa fitar da gaɓoɓin maza. Faransa ta hana shafa shi a ƙananan jirage a 1982, yarjejeniyar duniya da ta haramta shi ta fara aiki a 2008.

Zamfara ba ta da teku, amma tana da madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, wadda ke shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Nan ma gansakuka na kama kwalekwale da bakin tiyon injin ban-ruwa, kacalla na toshe magudanai. Ga maganin ciyawa a kowace kasuwa, saboda haka wani zai ga sauƙin tuttula shi a ruwa. Wannan ganganci ne. Ruwan nan shi dabbobi ke sha, shi ke shiga shinkafa. Ciyawar da ta mutu ta ruɓe a ciki kuma takan shanye iskar da kifi ke shaƙa.

Kwalekwale a jawo shi tudu, a kife, a kankare, rana ta ƙarasa sauran. Kacalla kuwa a yi mata gayya, a sare ta ƙarƙashin ruwa. Ta ganye iska ke isa saiwarta, in kututturen ya nutse sai ta shaƙe. Amma masu aikin su sa dogayen takalman roba, domin a jikin irin waɗannan ciyayi ne katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya ke laɓewa.

Malamin da ke son ɗalibansa su gani da idonsu, ya ɗaure guntun katako a magudana, su ciro shi bayan mako biyu.