Kafin a Ce Mu Yafe, a Faɗa Mana Wa Ya Yi

Jama'a, duk ranar da aka tayar da maganar jinin da aka zubar a zaɓukan Kano, sai wani babba ya gyara malum-malum ya ce a bar wa Allah, abin da ya wuce ya wuce. Ni dai ban yarda ba. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce. Wanda ya ɗauko 'yan daba ya cika su da ƙwaya ba shi zai yafe wa kansa ba.

A watan Afrilun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa hukumar Mai Shari'a Zuwaira Yusuf don binciken rikicin siyasa da ɓacewar mutane daga 2015 zuwa 2023. Mun yi murna. To amma kada murna ta rufe mana ido, domin a ƙasar nan kafa hukuma ba ya wahala. Obasanjo ya kafa ta Oputa a 1999, mutane suka yi kuka a talabijin, Buhari da Babangida da Abdulsalami suka ƙi zuwa, aka miƙa rahoto a 2002, gwamnati ta danne shi. A Zariya ma, hukumar Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ta ji daga bakin gwamnatin Kaduna cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya bayan Disambar 2015. Ta ce a gurfanar da sojojin da suka yi. Wa kuka ji an gurfanar?

A Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Desmond Tutu, ba a yi wa kowa afuwa a ɓoye ba. Sai ka bayyana duk abin da ka aikata tukunna a duba batunka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, komai a birni ake yinsa. Tsohuwar da ke Getso ko Garo, wadda aka sare mata ɗa ranar zaɓe, ina ta ga kuɗin mota da na lauya? Wa zai tsare ta idan ta dawo gida, alhali wanda ta ambata yana zaune a bakin kasuwa? A zo a yi zama a Gwarzo, a yi a Kabo, da Hausa, a saka a rediyo, a ba shaidu kariya.

Kuma 'yan uwa, wannan ba zai yi wa wasunmu daɗi ba: idan bincike ya biyo ta gidanmu, a bar shi ya shigo. Wallahi gora ba ta tambayar launin hula, kuma babu ɓangaren da bai taɓa ciyar da 'yan daba ba. Idan sunayen abokan hamayya kaɗai muke son ji, ramuwa muke nema, kuma ranar da mulki ya juya su ma tasu hukumar za su kafa mana.

Ku tambayi 'yan majalisarmu na Gwarzo da Kabo a bainar jama'a: za su tsaya a buga rahoton gaba ɗaya, da sunaye, a kuma biya iyalan mamata diyya?