Inshorar Mota A Sabo Ta Badun: Araha Ba Ta Ado

Arzikin unguwar Sabo ta birnin Badun a kan hanya yake. Tun da aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa a shekarar 1916, abin da ya riƙe ta shi ne fataucin goro zuwa Arewa da na shanu zuwa Kurmi. A da, da ƙafa da jirgin ƙasa ake yi. Yanzu kuwa kusan kome a mota yake tafiya, a bi ta Oyo da Ogbomosho da Ilori, a ƙetare kogin Kwara a gadar Jebba. Saboda haka maganar inshorar mota ba baƙuwa ba ce a Sabo. Amma ta ƙara zafi tun daga ran 1 ga Fabrairu 2025, sa'ad da 'yan sanda suka fara matsa wa masu motoci a ko'ina cikin ƙasa su nuna takardar inshora. Tun daga nan tambayar da ke bakin mutane ita ce, wane kamfani ne ya fi araha? To, lalle wannan ba ita ce tambayar da ta kamata a fara yi ba.

Wajabcin inshora tsoho ne, tun zamanin Turawa aka fara kafa dokarsa, a 1945. Abin da doka ta wajabta yanzu shi ne inshorar da ke biyan diyya ga wanda motar mutum ta yi wa ɓarna, watau wanda aka buge, ko aka ji wa rauni, ko aka lalata wa dukiya. Wannan inshorar tilas ba ta gyara motar mai ita, ba ta kuma biyan kayan da motar ta ɗauko. Falken da ya loda huhunan goro a babbar mota ya sani cewa inshorar kaya a kan hanya dabam take, sai ya neme ta da kansa.

Kuɗin inshorar tilas kuwa ba abin ciniki ba ne. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce ke yanke shi. Daga ran 1 ga Janairu 2023 ta ɗaga kuɗin ƙaramar motar shiga daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar ɗaukar kaya ta haya an yanka mata naira 100,000, diyyarta kuma har miliyan 5. Keke mai ƙafa uku naira 5,000, babur naira 3,000. Ashe ke nan duk kamfanin gaskiya kuɗinsa ɗaya ne da na ɗan'uwansa. Wanda ya tari mutum a bakin ofishin lasisi ko a tasha ya ce zai ba shi takardar ƙaramar mota a kan naira dubu biyu ko uku, ba rangwame ya yi masa ba, jabu ya sayar masa. Irin wannan takarda tana iya ƙetare da mutum shingen 'yan sanda sau goma, amma ranar da motar ta buge wani, mai ita ne zai sayar da abin hannunsa ya biya, ga kuma laifin karya doka.

Gane jabu ba shi da wuya. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya tana da rajistar da ake kira NIID, inda ake shigar da kowace mota da aka yi wa inshora ta gaskiya. Mai mota yana iya dubawa da lambar motarsa, ko ta intanet ko ta wayar hannu. In bai ga motarsa a ciki ba, to, ya koma wa wanda ya karɓi kuɗinsa tun da sauran rana.

Inda farashi ke bambanta shi ne cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motar mai ita, da gobara, da sata. Ko a nan ma hukuma ta ce kada kuɗin ya kasa kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar naira miliyan 10 ke nan ba za ta kasa naira 500,000 a shekara ba. Waɗansu sukan rage darajar motarsu a takarda don kuɗin ya yi sauƙi. Wannan wayon rashin wayo ne, domin kamfani yakan biya gwargwadon darajar da aka faɗa masa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin motoci da kayan gyaransu ya hau ƙwarai, don haka wanda ke sabunta inshorarsa a kan tsohon farashi zai tarar diyyar ba ta isa ba.

To, in farashi ba ya raba gardama, da me za a zaɓi kamfani? Amsar tana nan cikin al'adar Sabo kanta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ya nuna yadda ake sayar wa mahautan Yarabawa shanu bashi, ba takarda ba hatimi, sai dai maigida da dillalinsa su tsaya wa falke har kuɗinsa su fito. Falke ba ya sauka gidan wanda ya fi ƙarancin la'ada. Yana sauka ne gidan wanda aka san ba a taɓa cin kuɗin baƙo a hannunsa ba. Inshora ma haka take, alkawari ne ake saya, kyawun alkawari kuwa cikawa.

Saboda haka kafin mutum ya ba da kuɗinsa, ya fara tabbatar da cewa kamfanin yana cikin jerin masu lasisin NAICOM. Tsufan suna kaɗai ba ya isa, gama a 2022 hukumar ta soke lasisin tsofaffin kamfanoni biyu. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta ɗaga jarin irin waɗannan kamfanoni daga naira miliyan dubu 3 zuwa miliyan dubu 15, don dai a rage masu karɓar kuɗi su kasa biya. Sa'an nan ya tambayi direbobi da masu motocin da suka taɓa yin haɗari: wata nawa suka yi suna jira, kuma nawa aka biya su cikin abin da suka nema? Ya kuma bincika ko kamfanin yana da ofishi a Badun mai ikon turo mai duba ɓarna, ko kuwa kowace takarda sai ta je Ikko ta dawo. Ya sa a karanta masa sharuɗɗa, musamman kason da shi zai ɗauka daga aljihunsa a kowane haɗari, da abin da ake zaftarewa saboda tsufan mota. Wanda ba ya iya wannan, ya nemi dillalin inshora mai rajista, wanda la'adarsa daga wajen kamfani take fitowa, aikinsa kuma ya haɗa da bin diyya.

Masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca su ma an buɗe musu ƙofa. A 2013 hukuma ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda tsautsayi ya faɗa wa, a kuma raba musu rarar da ta saura. A 2016 aka ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisin wannan aiki. Amma su ma da ma'aunin nan za a auna su, watau saurin biya.

Shi ma mai mota da nasa nauyi. Inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Wanda ya yi wa motarsa inshorar shiga sa'an nan ya sa ta kabu-kabu, ko ya ba direba marar lasisi, ya ba kamfani hujjar ƙin biya. In haɗari ya auku, a sanar da 'yan sanda da kamfani nan da nan, kada a taɓa motar da gyara sai mai duba ɓarna ya gan ta. In kamfani ya yi ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke.

Ya kamata shugabannin Sabo da na ƙungiyoyin direbobi da fatake su riƙa tattara labarin kamfanonin da ke biya da waɗanda ke wahalar da mutane, su sanar da jama'arsu. Haka kakanninsu suka yi wa masu cin bashin shanu, har kasuwa ta tsaya da ƙafarta.