Hatsarin Mota: Kafin A Ce An Yafe

 A wannan wata ina so mu duba wata al'ada tamu ta zango wadda take jawo wa marasa ƙarfi asara ba su sani ba. Idan mota ta buge mutum, ko trotro ta kife da fasinjoji, kafin kwana biyu sai ka ga mai mota ya turo dattawa da goro da 'yan sidi a ambulan. A ce ƙaddara ce, a yi fatiha, a yafe. Daga nan a ɗauki mai karaya a kai wa mai ɗori, ba 'yan sanda, ba likita. Bayan wata shida ƙafa ta ƙi takuwa, sana'a ta tsaya, yara kuma su daina zuwa makaranta. Mu malamai mu ne muke ganin kujerunsu babu kowa.

Ban ce yafiya laifi ce ba. Amma wa aka yafe wa? Tun shekarar 1958 dokar Gana ta tilasta wa duk mai mota ya yi inshorar da za ta biya diyya idan motarsa ta raunata wani ko ta kashe shi, ko mai tafiya a ƙasa ne ko fasinjan motar haya. Wato kuɗin da mai mota yake biya kowace shekara, domin irin wannan rana ne. Diyyar daga kamfanin inshora take fitowa, ba daga aljihun direban da muke sallah tare ba. Saboda haka wanda ya ce ya yafe, sau da yawa kamfani ya yafe wa, kamfanin da bai ma san sunansa ba.

Sai dai kamfani ba ya jin magana ta fatar baki, takarda yake gani. A rubuta lambar motar tun a wurin. A kai rahoto ga 'yan sandan hanya, a karɓi takardarsu da likita zai cike. A je asibiti a ɗauki hoton ƙashi, ko da zuciya ta fi kwanciya da mai ɗori, domin rahoton likita shi ne zai nuna girman raunin da abin da ya rage wa mutum na ƙarfin aiki. Kowane rasit na magani a adana shi. Kuma kada mara lafiya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan takardar sasantawa tun bai san inda ciwon zai tsaya ba. Raunin kai da na ƙashin baya sukan ɓoye, sai daga baya su bayyana.

Akwai kuma wa'adi. Dokar 1972 ta ba da shekara 3 ne kawai a shigar da ƙara kan rauni. Wanda ya zauna yana jiran alkawarin mai mota har wa'adin ya wuce, sai lauya ya ce masa ya yi haƙuri.

To, idan direba ya gudu, ko motar ba ta da inshora fa? Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NIC, tana da asusu na musamman domin irin waɗannan mutane, kuma can ma ake kai kuka idan kamfani yana jan ƙafa. Tun 2020 hukumar ta buɗe hanyar tantance inshorar mota ta wayar hannu: a danna *920*57# a sa lambar motar. Ban ga dalilin da zai hana shugabannin tashoshinmu yin haka ga kowace mota kafin a yi mata lodi ba.

'Yan'uwanmu direbobi masu ƙetarawa Lome, Kwatano, Legas ko Yamai, su kuma su tabbata katin inshorar ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa yana cikin takardunsu, kuma kwanansa bai ƙare ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.