Illela: Kasuwa da Hausa, doka da Turanci

Duk wanda ya taɓa shiga Illela ranar kasuwa ya san harshe ɗaya ne ke tafiyar da komai. Dillalin shanu da Hausa yake taya, mai albasa da Hausa yake sallamawa, baƙon da ya tsallako daga Birnin Konni ma da ita yake neman canjin sefa. Amma da zarar an ɗaure kaya an nufi shingen iyaka, sai harshe ya sauya. Takardar da za ta yanke hukunci a kan jarin mutum da Turanci aka rubuta ta, Turancin ma irin na lauyoyi.

Kalmomin da ke jawo asara ba su da yawa. Ta farko ita ce "duty", wadda muka mayar "duti". A bakin kwastan tana nufin kuɗin fito da ake biya wa kaya. A kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 24, kalmar nan dai ita ce nauyin da ke kan ɗan ƙasa, ciki har da biyan haraji. A bakin ma'aikaci kuma tana nufin yana bakin aiki. Ɗan kasuwar da ya san ma'ana ɗaya kawai sai ya ɗauka duk abin da aka ce ya biya a hanya duti ne. Alhali duti yana da ƙayyadadden kaso, yana da rasit, kuma asusun gwamnati yake shiga.

Sai "prohibited" da "restricted", waɗanda mafi yawanmu muke haɗawa mu ce "an hana". Ba ɗaya ba ne. Ta farko hani ce kai tsaye. Kayan gwanjo, duk da sun cika kasuwanninmu, suna cikin jerin abubuwan da aka haramta shigo da su ƙasar nan kwata-kwata, kamar yadda masara take cikin jerin waɗanda aka hana fitarwa. Ta biyu kuwa sharaɗi ce. Shinkafar waje misali: tun 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa, amma aka bar ƙofar tashoshin jiragen ruwa ga wanda zai biya fito. Motoci ma haka aka yi musu daga farkon 2017. Wanda bai san wannan bambanci ba, ko dai ya bar sana'ar da doka ta halatta masa saboda tsoro, ko ya zuba jarinsa a kayan da babu takardar da za ta cece su.

Wadda ta fi damuna ita ce "shall" da "may". A rubutun doka, ta farko dole ce, ta biyu zaɓi ne. Kuma dolen ba a kan talaka kaɗai take hawa ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya wajabta a sanar da duk wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma da laifi damar samun tafinta kyauta a kotu. Direbobi nawa ne a tashar Illela suka san hukuma ma akwai "shall" a wuyanta?

Wani zai ce Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki wannan nauyi. Wannan magana ba ta da tushe. Yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi a makarantar zaure ya san wajibi daban, mustahabbi daban, ya san tazarar da ke tsakanin makaruhi da haramun. A ƙasar Sakkwato aka yi Daular Usmaniyya, aka yi alƙalai da ke yanke hukunci a kan ciniki da bashi tun kafin Turawa su ci garin a 1903. Mutanen da suka gaji wannan ba za su kasa gane bambancin "an hana" da "an yarda bisa sharaɗi" ba, in har an gaya musu da harshensu.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne dokokin iyakar ba sa zama wuri ɗaya. An rufe ta a watan Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Kowane sauyi da sanarwarsa yake zuwa daga Abuja, da Turanci, sai ta iso Illela a matsayin ji-ta-ji-ta. A wannan giɓi ne 'yan tsakani suke cin abinci. Ba duk jami'i ne mai mugun nufi ba, kuma ba duk ɗan kasuwa ne mai gaskiya ba. Akwai masu fasa-ƙwauri da suka san dokar sarai. Amma ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu biyar shi ne ke biyan kuɗin rashin sani.

Maƙwabtanmu sun riga sun ɗauki mataki a takarda: a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Mu ba ma sai an kai can ba. Hukumar kwastan ta kafa babban allo a bakin iyaka da cikin kasuwa, da boko da ajami, mai jerin abin da aka haramta, abin da ke da sharaɗi, da abin da ake biya wa fito da adadinsa. Duk sabuwar sanarwa a karanta fassararta a Rima Rediyo cikin makon da ta fito. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masana Hausa da masana shari'a da za su daidaita fassarar. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi kuma, da ke karɓar kuɗin ƙungiya kowace kasuwa, su ware wani abu su buga kalmomin nan a takarda ɗaya da za ta shiga aljihun direba.