A Fara da Fentin Shimfiɗa Kafin Launi

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau, ko a Ƙofar Doka ko a Ƙofar Kuyambana, ya san motar kara da motar gwangwani. Mu da muka shigo makaranta sai muka ɗan ci gaba, muka koma ƙera ƙananan taragun jirgin ƙasa a ɗakin aikin hannu. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin Zariya mahaɗar jirgi ce tun da daɗewa. A 1911 hanyar dogo ta ratsa ta zuwa Kano. Daga nan ne ƙaramin layin Bukuru ya tashi, wanda aka rufe a 1957, haka kuma layin da ya isa Ƙaura Namoda a 1929.

Bara, ana gab da bikin ba da kyaututtuka, muka ɗauko tsofaffin taragunmu na gwangwani don mu sabunta musu fenti. Saboda sauri, muka shafa fentin akirilik kai tsaye bisa tsohon. Ranar farko sun yi kyau ƙwarai. Kafin ranar biki fentin ya soma ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, tsatsa ta leƙo. Muka sha kunya a gaban iyayenmu. Ashe da gaske ne, sauri ya haifi nawa.

Ga abin da muka koya. Akirilik fenti ne da ake sirka shi da ruwa, yana bushewa da wuri, amma ba ya kama ƙarfe mai santsi ko mai maiƙo. Dole a goge tsohon fenti da tsatsa da takardar yashi, a wanke tarago da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Sannan a shafa fentin shimfiɗa, wato na farko wanda ke kama ƙarfe, yana kuma tare tsatsa. A bar shi ya kwana. Bayan haka a bi da launi sama-sama, sau biyu ko uku, maimakon sau ɗaya mai kauri wanda zai toshe tagogi da ƙofofi. Lokacin hunturu a kifa kwali a kai saboda ƙura, a kuma wanke buroshi da ruwa tun bai sandare ba.

Wasu na cewa sayen fentin shimfiɗa ɓarnar kuɗi ce, tun da ba mai ganinsa. Mu ba mu yarda ba. Je ka dubi maginan birni: ba sa zana ado a bango sai sun gama yaɓe mai kyau, suna kuma shafa makuba don ruwa kada ya ci shi. Mu da muka tsallake shimfiɗa, sau biyu muka sayi launi.

Don haka muna roƙon malamanmu da su riƙa duba aiki tun yana matakin shimfiɗa, su ba da maki a nan, kada su jira ranar nuni. Muna kuma roƙon iyaye da hukumar makaranta kada su soke kuɗinsa daga lissafi. Ɗalibin da ya saba rufe tsatsa da launi, in ya girma aka ba shi ginin gada ko gyaran injin, haka zai yi.

Ƙannenmu 'yan aji ɗaya, taragun nan ku za mu bar wa. Ku goge, ku wanke, ku shimfiɗa, sannan ku shafa launi. Allah Ya ba mu haƙurin aiki.